Zauren Masu Karatu: "Na Jefa Katin Zaɓena a Ƙasan Adaka"

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasar 2027, yawancin wasiƙun da ke isowa wannan zaure daga ƙauyukan Kano da Jigawa a kan batun fita zaɓe suke. Na ɗauko uku daga ciki, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Auyo ta Jihar Jigawa, kuma ɗana ne ya rubuta mini wannan takarda ina faɗa yana rubutawa. Shekaruna sun haura sittin da biyar, kuma tun daga zaɓen 1979 ba a taɓa kafa akwati a garinmu ban je na bi layi ba. Akwai wani kwazazzabo tsakaninmu da bakin titi wanda da zarar damina ta nutsa sai ya raba mu da kasuwa da asibiti, kuma 'yan takara huɗu daban-daban sun tsaya a ƙofar gidan dagacinmu sun yi alkawarin yin kwalbati a wurin, har yau ko bulo ɗaya ba a ajiye ba. Ambaliyar 2022 ta cinye mini shinkafa, na yi haƙuri na fita zaɓen 2023, sai ga shi bayan rantsuwa an cire tallafin mai, har fetur ɗin da nake zuba wa injin ban ruwa ya nemi ya gagare ni. Don haka na jefa katina a ƙasan adaka, na ce ni da zaɓe haihata-haihata. 'Ya'yana suna ganin na yi kuskure, maƙwabcina kuwa cewa yake daidai na yi, tunda mulki na Allah ne, Yana ba wanda Ya so ko an fita ko ba a fita ba. Shin akwai sauran amfani a fita zaɓe ga talaka irina?

Wani manomi, Auyo

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan fara da cewa ka yi kuskure ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma dole ya ja da baya, kuma ba kai kaɗai ka ja da bayan ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne aka ce sun fita, a 2015 adadin ya sauko zuwa wajen kashi 44, a 2019 ya koma wajen kashi 35, a ranar 25 ga Fabrairun 2023 kuwa bai wuce kashi 27 ba. Mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin kundin rajistar hukumar zaɓe ta INEC a wannan shekarar, amma waɗanda suka dangwala ba su cika miliyan 25 ba. Wasu ƙarancin takardun naira da wahalar mai na lokacin ne suka tsare su, wasu tsoron 'yan jagaliya, wasu sun tafi cin rani, wasu kuma, kamarka, zuciya ce ta mutu.

Abin da nake so ka duba shi ne wanda wannan fushi ya faɗa wa. Tsarin mulkin ƙasar nan ya ce wanda ya fi yawan ƙuri'u, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, shi ne shugaban ƙasa, haka kuma gwamna a ƙananan hukumomin jiharsa, amma babu inda ya ce in mutane kaza suka ƙi fita to zaɓe ya rushe. Da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 794 da 'yan kai Bola Tinubu ya hau mulki, wato ko mutum ɗaya cikin goma na masu rajista bai cika ba, kuma wannan bai rage masa ko ƙwayar zarra daga ikon da kujerar ta ba shi ba. Babu wani gurbi a takardar sakamako da ake rubuta yawan waɗanda suka zauna a gida don ɓacin rai. Hasali ma ɗan siyasar da ya yi maka alkawarin kwalbati ya saɓa, zamanka a gida sauƙi ne a wurinsa. A ɗauka akwatin garinku yana da mutum ɗari shida a rajista, in ɗari da hamsin kaɗai suka fito, mutum saba'in da shida kawai yake bukata ya ci akwatin, kuma saba'in da shida adadi ne da katan-katan na taliya da 'yan kuɗin cefane za su iya saye a dare ɗaya. In ɗari biyar suka fito kuwa, aljihunsa ba zai ɗauka ba, dole ya zo da abin da zai nuna.

Ka ambaci 1979, kuma na ji daɗi da ka ambace ta, domin kai shaida ne a kan abin da matasan yanzu sai dai a ba su labari. A lokacin Auyo da Haɗeja duk cikin tsohuwar Jihar Kano suke, tunda sai a 1991 aka yanke Jigawa. Ka san yadda haraji yake kafin wannan shekarar, ka san magidancin da kan sayar da akuyar matarsa ko ya ɗebi hatsin rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba don ya biya, da wanda kan bar gari in ya ji an fara karɓa, da makiyayin da kan kora shanunsa cikin dare don gudun ƙidayar jangali. Ni kaina na tashi na tarar da rasiɗan harajin mahaifina a naɗe cikin wani gwangwanin madara, yana adana su kamar takardun gona, saboda a zamaninsu ana iya tare matafiyi a hanya a ce ya nuna. Talakawan karkara ne suka bi layi suka zaɓi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Wata ƙila da ƙuri'arka a cikin waɗanda suka sauke wa mutane wannan kaya.

Bayan nan ma an sha ganin ƙuri'a ta kayar da mai ci. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso yana kan kujera, a 2011 mutanen Kano suka dawo da Kwankwason, a 2015 Muhammadu Buhari ya kayar da shugaba Goodluck Jonathan, Jihar Kano kaɗai ta ba shi ƙuri'a miliyan 1 da dubu 900 da ɗoriya. A 2023 mutanen Kano ta Kudu, waɗanda galibinsu manoma ne irinka na su Sumaila da Gaya da Rano, suka sauke Sanata Kabiru Gaya da ke majalisar dattawa tun 2007, suka tura Kawu Sumaila. Na san abin da za ka ce, cewa an canza ɗin amma buhun taki bai sauko ba, kuma da yawa daga waɗanda suka kwana a layi a 2015 sun dawo suna cizon yatsa. Wannan gaskiya ce, kuma ba zan yi maka romon baka ba. Ƙuri'a ba ta ba da tabbacin cewa wanda zai zo ya fi wanda ya tafi. Abin da take iya yi, kuma na ga ta yi, shi ne ta sa wa mai riƙe da kujera tsoron cewa za a iya raba shi da ita, kuma a siyasarmu yawancin ɗan abin da ke isa ƙauye, ko rijiyar burtsatse ce ko rufin aji biyu, wannan tsoron ne ke kawo shi.

Sai batun maguɗi, wanda ba ka ambata ba amma na san yana ranka. An yi shi, kuma an yi wanda ya fi maguɗi muni, tunda zaɓen 12 ga Yunin 1993, wanda Abiola ya ci har a Kano mahaifar abokin karawarsa Bashir Tofa, gwamnatin soja ta Babangida soke shi ta yi ɗungurungum. Amma ka dubi zaɓen gwamnan Kano na 2019, wanda ya bar mana kalmar "inkwankulusib" a bakin yara da manya. Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a dubu 26 da 'yan ɗaruruwa, sai aka ce zaɓe bai kammala ba saboda masu rajista a akwatunan da aka soke sun fi wannan tazara yawa. Aka sake zaɓe a wuraren, ciki har da mazaɓar Gama, masu sa ido na gida da na waje suka ba da rahoton tashin hankali da tsoratar da jama'a, a ƙarshe aka bayyana Abdullahi Umar Ganduje da ratar ƙuri'a 8,982. Kano tana da mazaɓu 484, in ka raba za ka ga ratar ba ta kai ƙuri'a ashirin a kowace mazaɓa ba, a jihar da miliyoyin masu kati suka yi zamansu a gida. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan rigima, darasin lissafin ɗaya ne: ƙaramar tazara ita ce ke buɗe ƙofar soke-soke da sake zaɓe. A zaɓen gwamna na 2023 da tazarar Abba ta kai kusan dubu 129 a take aka bayyana sakamako, kuma duk da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zaftare ƙuri'u 165,663 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayanta, Kotun Ƙoli ta mayar da su a Janairun 2024.

A rumfar zaɓe kanta, satar ƙuri'a ta fi wuya fiye da da. Na'urar BVAS tana tantance mutum da yatsa ko da fuska, kuma in ƙuri'un da ke cikin akwati suka zarce yawan waɗanda ta tantance, doka ta ce a soke akwatin. Na tsaya a wata makarantar firamare a ƙauyenmu a zaɓen da ya wuce, a gindin darbejiya, na ga 'yar bautar ƙasa tana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya jama'a suna ƙirgawa da baki ɗaya kamar 'yan makarantar allo, har magariba ta kawo jiki aka haska fitilun waya, aka cike takardar sakamako, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, aka liƙa kwafi a bango, matasa suka ɗauki hotonsa. Inda aka fi yin ɓarna shi ne tsakanin wannan bango da wurin tattara sakamako, kuma gazawar da aka samu wajen ɗora sakamakon shugaban ƙasa a intanet a kan lokaci a 2023 ta ƙara wa mutane zargi. Shi ya sa tsohon taken nan na Kanawa, a kasa, a tsare, a raka, bai tsufa ba.

Yanzu mu koma kan kwazazzabonku, domin a ganina nan ne ainihin maganar take. Shugaban ƙasa ba zai taɓa sanin da shi ba. Aikin ƙaramar hukuma ne da gwamnatin jiha, sai kuma 'yan majalisa ta hanyar abin da suke kira ayyukan mazaɓu. Game da zaɓen ciyaman da kansila ba zan ruɗe ka ba, hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya shi, kuma a 2024 jam'iyya mai mulki ce ta lashe kujerun ciyaman 27 na Jigawa gaba ɗaya, mai mulkin Kano ma ta lashe 44 ɗinta, kamar yadda aka saba gani a kusan kowace jiha. Amma ɗan majalisar jiha da na tarayya INEC ce ke shirya zaɓensu, tazararsu kan zama 'yar kaɗan, kuma suna bin sakamako akwati-akwati fiye da yadda kake bin farashin shinkafa ranar kasuwa. Sun san garin da ke cika akwati, sun san wanda ba ya fitowa, sun kuma san wanda ko an yi masa ko ba a yi masa ba sak zai yi daga sama har ƙasa. Na biyu da na uku ba su da abin ciniki. Shawarata ita ce dattawan garinku da ƙungiyar matasa da ta mata ku zauna tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ku tsayar da bukata ɗaya tak, ku sanar da mai riƙe da kujerar cewa kwalbatin da ido ya gani kafin zaɓe shi za a saka wa, alkawari kuwa an ƙoshi da shi. In ya yi, ku cika masa alkawari ko da jam'iyyarsa ba taku ba ce, ku yi wake da shinkafa. In bai yi ba, ku juya masa akwatin gaba ɗaya yadda zai gani a takarda.

Maganar maƙwabcinka cewa Allah ke ba da mulki ga wanda Ya so gaskiya ce, aya ce a cikin suratu Ali Imrana, kuma hukuncin shiga zaɓe a shari'a na bar wa malamai. Sai dai arziki ma na Allah ne, amma ban ji ka ce ka bar gonarka ba shuka ba bayan ambaliyar 2022, injin ban ruwa ma ka nema. Doka ba ta tilasta wa kowa fita zaɓe a Najeriya ba, in ka zauna ba ka yi laifi ba. Amma tunda ra'ayina ka tambaya, Baba, ka sa a ɗauko katin nan daga adaka. Ko da zuciyarka ba ta kwanta da kowa a takardar shugaban ƙasa ba, akwai takardun 'yan majalisa da ta gwamna, kuma su ne suka fi kusa da kwazazzabon.

TAMBAYA

Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bichi. A zaɓen da ya wuce, ana gobe zaɓe, wata shugabar mata ta shigo gidanmu ta ba kowace mace turmin atamfa da taliya biyu da naira dubu biyu, ta ce mu rantse za mu dangwala wa jam'iyyarsu, ta kuma ce suna da hanyar gane wadda ta saɓa. Ni na karɓa saboda a ranar ba mu ɗora tukunya ba, amma zuciyata wani take so, sai kawai na ƙi fita, na ce da maigidana ba ni da lafiya. Har yau abin yana damuna. Da gaske za su iya ganewa? Kuma in sun dawo yaya zan yi?

Wata uwar gida, Bichi

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya yaye mana wannan hali, domin wanda bai taɓa kwana da yara ba abinci ba bai kamata ya yi saurin yi miki hukunci ba. Amsar tambayarki ta farko ita ce ba za su iya ganewa ba, sai in ke kika nuna musu. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunanki, na'urar da ke tantance ki ba ta san inda kika dangwala ba, kuma a ƙa'ida ke kaɗai za ki shiga ɗan lungun da aka keɓe, ki dangwala, ki naɗe takardar, sannan ki fito ki jefa a akwati a gaban jama'a. Dabarar masu saye ita ce su tsayar da wani kusa da lungun don ki karkata masa takardar ya gani, ko su ce ki ɗauki hoto, shi ya sa ma aka hana shiga lungun da waya. Abin da suke iya sani shi ne jimillar abin da akwatin unguwarku ya ba su, ba abin da kowace mace ta yi ba.

Kin ji ana cewa ku karɓi kuɗinsu ku zaɓi ranku, kuma mutane da yawa a kan haka suke. Ni ina da ja a kan wannan magana, saboda dokar zaɓe ta ɗauki mai bayarwa da mai karɓa duk a matsayin masu laifi, sannan ga ki nan ke kanki shaida, kin karɓa kuma kunyar abin ta hana ki zaɓen ranki, ƙuri'arki ta tafi a banza. Wanda ya ba ki ma bai yi asara ba, tunda ya rage ƙuri'a ɗaya da za ta tafi wa abokin hamayyarsa. Ki kuma raba naira dubu biyu a kan kwanakin shekara huɗu, za ki ga ba ta kai naira ɗaya da rabi a rana ba, kuma a madadinta ne za ki rasa bakin tambayar dalilin da ya sa asibitin sha-ka-tafi na garinku ba ungozoma da dare. Rantsuwar da kika riga kika yi ki kai wa malamin da kika amince da shi ya faɗa miki hukuncinta. In sun dawo kuwa, abin da na fi so ki tsare shi ne bakinki, kada ki rantse wa kowa a kan ƙuri'a, kuma in matan gidanku da na maƙwabta kuka haɗa baki a kan haka, shugabar matan ba za ta iya ware ɗaya ta tsangwama ba.

Wani abu kuma da ban so ya wuce ban faɗa miki ba: a zaɓukan tarayya na 1959 da 1964 matan Arewa ba su da ƙuri'a sam, alhali takwarorinsu na Kudu suna da ita, sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar NEPU, ta sha duka ta sha ɗauri sau da dama a kan neman wannan 'yanci. A yau duk ɗan takara ya san layin mata a ƙauye ya kan fi na maza tsawo da haƙurin rana, kuma wannan ne dalilin da ya sa atamfar gidanku ta fara zuwa.

TAMBAYA

Ni matashi ne daga ƙasar Ringim. Duk shekara da an gama girbi nakan tafi Legas cin rani ina tura ruwa a kura, ba na dawowa sai an yi shuka. Katina na gida ne, kuma zaɓe kullum da rani yake zuwa, kuɗin motar zuwa da komawa kuwa ya fi abin da nake tarawa a wata. Ina son yin zaɓe, amma tun da na yi kati ban taɓa yi ba. Mene ne mafita?

Wani ɗan cin rani, Ringim

AMSA

Ƙanena, irinku suna da yawa ƙwarai a cikin waɗanda ake lissafawa a matsayin marasa kishin zaɓe, alhali neman abinci ne ya raba su da akwatinsu. Mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake, kuma ranar zaɓe ana taƙaita zirga-zirga, don haka hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ka nemi a mayar da rajistarka inda kake zama a Legas. Ana yin haka kyauta a ofishin INEC na ƙaramar hukumar da kake, a lokacin da aka buɗe rajista, kuma ana rufewa watanni kafin zaɓe, saboda haka kada ka jira sai an fara yaƙin neman zaɓe. Kada kuma ka sake yin sabuwar rajista a can alhali kana da ta gida, wannan laifi ne, sauyin wuri kawai za ka nema. Sai dai ka sani in ka mayar, shugaban ƙasa ne kawai zai zama ɗaya da na mutanen garinku, gwamna da 'yan majalisar da za ka zaɓa na Legas ne.

Ta biyu ita ce ka bar katin a gida ka tsara dawowarka ta dace da zaɓen gwamna da na majalisar jiha, wanda a 2023 aka yi shi makonni uku bayan na shugaban ƙasa. Tunda gonarka da iyayenka a Ringim suke, kuma Legas wata huɗu ko biyar kawai take ganinka, ni wannan na fi karkata gare ta. Ku 'yan gari ɗaya da ke can ku fara adashen kuɗin mota tun daga farkon rani, ku ɗauki shatar mota da kuɗinku. Motar da ɗan takara kan aiko ta kwaso 'yan cin rani kyauta takan kawo mutum gida, amma sau da yawa ba ta mayar da shi.